Mujiyoyin Ɗakin Kaka

Jigwada, Keffi
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Goggo Dokas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba Yosiya da mutanen Agwada duka? Mu nan lafiya lau. Malachi yana gaishe ki, kullum yana kan hanyar Abuja sai ka ce shi ya shimfiɗa ta. Tunda kunnenki ya daɗe da ajiye aiki, waya ba ta da amfani tsakaninmu, don haka ga takarda. Ghali direba zai riƙa kawo miki ranar kasuwa, ya kuma karɓo amsa.

Albishirinki, Goggo. Ina da ciki, ya shiga wata na shida. Na yi shiru ne sai da na ga ya wuce inda biyun farko suka zube, don na gaji da sa ki murna sannan in sa ki kuka. Wannan kam yana harbi kamar ɗan jaki. Ina zuwa awo, ina kuma zuwa makaranta, yaran aji huɗu suna ta leƙen cikina suna ƙus-ƙus.

Abu ɗaya ya dame ni, kwaɗayi. Ba na son komai sai garin rogo jiƙe da ruwan sanyi da ƙuli-ƙuli. Na kasuwar nan ba tsami, kamar ana cin yashi. Ki aiko mini da na hannunki.

Malachi ya yarda in zo gida in haihu, ki yi mini wankan jego, tunda ke kika raine ni bayan rasuwar Mama. Amma tsaya, har yanzu mujiyoyin nan suna cikin silin ɗakin Kaka? Kin tuna yadda nake ƙanƙame ki in sun yi kuka? In dai suna nan, ni kam ba zan kawo ɗana su riƙa zare masa ido ba. Sai ki zaɓa, ko ni ko su.

'Yarki,
Lea

Agwada
Nuwamba

Lea 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki. Ƙafa da sauƙi. Takardarki ta same ni ina tuyar gari. Na karanta, na zagaya bayan ɗaki na yi kuka, na dawo na tarar kasko ya fara ƙonewa. Allah Ya raba lafiya. Ki daina tsayuwa a gaban allo kamar soja, ki nemi kujera.

Ga buhun gari nan wurin Ghali. Na bar rogon ya kwana da kyau kafin in matse, za ki ji tsamin har a haƙori.

Zancen tsuntsaye kuwa, ba sai kin roƙe ni sau biyu ba. Na sa ƙanena Yosiya a gaba. Da farko ya yi mini gardama, wai tun zamanin babanmu suke nan ba su taɓa ɗaukar ko ɗan tsako ba. Na ce masa ni ce babba, kuma ni na san abin da na sani. Ya tura hayaƙin barkono cikin silin, suka faɗo ɗaya bayan ɗaya, manya da 'ya'yansu. Da samari suka ga haka, sai suka bi na hasumiyar coci da na kogon kukar bakin rafi, suka gama da su. Kowa ya yi murna, don ba mai son su, tsoron taɓa su kawai ake yi.

Yanzu ɗakin Kaka fes yake. Na share, na shimfiɗa tabarma, a nan nake baza gari ya huce ya kwana. Ke ba ki san abin da tsuntsuwar nan ta yi mini ba. Wata rana zan faɗa miki. Ki zo, ba abin da zai zare wa ɗanki ido.

Goggonki,
Dokas

Jigwada, Keffi
Disamba

Goggo,

Ina fatan kina lafiya, da Baba Yosiya. Gari ya iso, na gode. Malachi ya ce in na ci gaba da sha haka, ɗan zai fito fari fat da ƙuli-ƙuli a hannu.

Amma Goggo, wasa fa nake yi. Ina rubuta zancen mujiyar nan ina dariya. Na manta takarda ba ta ɗaukar dariya, kuma ke ba kya ganin fuskata. Da na karanta cewa har 'ya'yansu aka kashe, sai na ture abincin da nake ci. Ni da na ce ko ni ko su, ai tsokanarki nake yi, kamar yadda nake cewa ba zan ci tuwonki ba sai kin goya ni.

To, aikin gama ya gama. Tambaya ɗaya: a ƙasan buhun na ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa. Na tankaɗe da rariya, na zubar da su, na ci gaba da sha. Gawayin kasko ne? Ki gaishe da matan zumunta, ki ce su sa ni a addu'a.

Lea

Agwada
Bayan Sabuwar Shekara

Lea,

Barka da sabuwar shekara. Mun yi Kirsimeti lafiya. Wasa kika ce? Mai ciki ba ta wasa da mujiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Baƙin abin da kika gani ba gawayi ba ne, kashin ɓera ne. Ki tankaɗe kawai, mu ma haka muke yi. Bana ɓera ya yi mana yawa, ban san daga ina suka ɓullo ba. Ni ba na jin su, sai dai in wayi gari in ga aikinsu. Sun huda rumbu, sun ci gefen Littafina Mai Tsarki daga Zabura har Ishaya, sun ci sabulu. Shekaranjiya na farka na ga jini a babban yatsan ƙafata. Susana maƙwabciyata ta ce da yamma in ta leƙo ta katanga, ƙasar tsakar gidanmu kamar tana tafiya. Na ce a samo kyanwa, aka ce waɗanda suka rage a gari sun ƙoshi, kallon ɓera kawai suke yi.

Yosiya ya zama sarkin yaƙi. Yana kafa tarko, yana bin su da sanda, yana kwashe gawarwakin da hannu a kwando. Gajiyar ce ta kwantar da shi. Zazzaɓi ya kama shi, ya sha maganin cizon sauro bai sake shi ba, an yi masa allura a kemis bai sake shi ba. Yana kukan maƙogwaro, ba ya iya haɗiyar ko kunu. Amma kin san shi, ƙashinsa da tauri.

Ga wani buhun nan na aiko, na san na farko ya kusa ƙarewa.

Dokas

Jigwada, Keffi
Janairu

Goggo,

Ki yafe mini, yau ba doguwar gaisuwa. Da zarar kin gama karanta wannan, ki nemi mota ki kai Baba Yosiya babban asibiti, ba kemis ba. Ki ce musu yana taɓa ɓeraye. Kada ki taɓa amansa ko fitsarinsa da hannu. Kada kowa ya ƙara cin garin da ya kwana a ɗakin Kaka.

Takardarki tana cikin jakata na je awo. Nas ta tara mu tana yi mana gargaɗi kan zazzaɓin Lassa, wanda ɓera yake barinsa cikin fitsari da kashi a kan abinci. Ta ce zazzaɓi ne da ba ya jin maganin sauro, yana zuwa da ciwon maƙogwaro. Ta ce wuta tana kashe shi, amma garin da aka jiƙa da ruwan sanyi bai ga wuta ba tun da ya bar kasko. Sannan ta dube mu ta ce mai tsohon ciki ya fi yi wa illa, kuma ɗan da ke ciki da wuya ya tsira.

Kin ce ba ki san daga ina ɓerayen suka ɓullo ba. Ni na sani, kuma abin kunyar shi ne kowace shekara ina zana shi a allo. Rogo da dawa su ne masu haɗa abinci da kansu, daga rana da ruwa da ƙasa. Duk sauranmu maciya ne. Ɓera yana cin dawa, mujiya tana cin ɓera. Kowanne yana tsaye a kan na ƙasa da shi, kuma na sama ne yake hana na tsakiya yin yawa. Mujiya mai 'ya'ya ba ta hutawa da jigilar ɓera. Mun cire na sama, na tsakiya ya cika gida, ya hau abincin da muke ci. Ina sa yara su haddace wannan, har in ba su maki, ban taɓa tuna silin ɗakin Kaka ba.

Buhu na biyu ban buɗe ba, Malachi ya ƙona shi. Amma na farko na shanye shi tas, kofin ƙarshe jiya da safe. Likita ya ce mu jira sati uku, in jikina ya yi zafi in zo da gudu. Ina zaune ina taɓa goshina kamar mahaukaciya. In ɗan ya yi harbi in ji daɗi, in ya yi shiru in fara addu'a. Tsoro nake ji, Goggo, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ki ba Ghali amsa, ko layi ɗaya ne.

Lea

Jigwada, Keffi
Janairu

Goggo,

Kina lafiya? Ina tambaya ne don ban sani ba. Kasuwa biyu ke nan Ghali yana dawowa hannu wofi. Wayar Baba Yosiya a kashe. Karon farko Ghali ya ce ya tarar da gidan a kulle. Karo na biyu ya ce ya ga an jera bencuna a ƙofar gida, mata suna zaune ba mai magana, aka ce masa kada ya shiga. Na tambaye shi bencin na wane ne, wa ya rasu, ya ce shi bai tambaya ba. Ƙarya yake yi, na gani a idonsa.

In fushi kike yi don na ce garinki ne, ba ke na zarga ba. Ni na fara da bakina.

Jikina ya yi zafi ranar Talata. Sun kwantar da ni a ɗaki ni kaɗai, masu shigowa duk a rufe, ido kawai nake gani. Sun ɗebi jini sun aika da shi, sun ce sai sakamako ya dawo. Malachi yana tsayawa a taga yana yi mini murmushin da bai kai ido ba. Shi zai miƙa wa Ghali wannan. Ɗan yana motsi har yanzu.

Ki rubuto. In ba ki iya ba, Susana ta rubuto.

Lea

Agwada
Ƙarshen Janairu

'Yata,

Ina raye. Ba fushi nake yi ba, hannun ne ya ƙi riƙe biro.

Yosiya ya tafi. Ranar da takardarki ta zo na kai shi asibiti, amma sun ce mun makara. Jini ya riga ya fara fitowa ta hancinsa. Ba su bari na wanke shi ba. Mutane masu fararen kaya har fuska ne suka sa ƙanena a rami, ni ina tsaye daga nesa kamar baƙuwa. Shi da ya ce a bar tsuntsayen, ni na tilasta shi. Garin gudun gara na faɗa wa zago.

Ma'aikatan lafiya sun zo sun ƙone garin rogon, sun yi feshi, suna zuwa auna zafin jikinmu. Ni ko ciwon kai ban yi ba. Wani likita da ya ga ba na ji, ya rubuta mini a takarda yana tambayar yaushe kunnena ya mutu. Na ce bayan wani zazzaɓi ne, ina amarya. Ya rubuta cewa mai yiwuwa wannan ciwon ne na taɓa yi, don yakan tafi da kunnen wanda ya bari da rai.

Yanzu zan faɗa miki abin da na ce wata rana. A zazzaɓin nan ina da ciki wata bakwai, ya zube, namiji ne. Daga shi ban sake samu ba. Kukan mujiya a kan rufin ɗakina shi ne abu na ƙarshe da kunnena ya ji a duniya. Surukata ta ce ita ta ɗauke ɗan, kowa ya ce haka, ni ma na riƙe. Shi ya sa da kika rubuta ko ke ko su, ban ga wasa ba.

Ga abin da ke gabana. Wasu mujiyoyi biyu sun zo daga daji sun shiga silin ɗakin Kaka. Mutanen gari sun ce sun zo ɗaukar fansa ne, sun ci Yosiya, saura na gaba. Samari sun ce ranar Lahadi bayan sujada za su banka wa ɗakin wuta gaba ɗaya. Ke kin ce su ne masu tsaronmu. Su sun ce su ne ajalinmu. Ni tsohuwa ce, ban san wanda zan ji tsoro ba, kuma kina kwance kina jiran sakamako. In na bar su, wani abu ya same ki, ina zan sa kaina?

Me jinin ya ce?

Dokas

Keffi, daga gadon asibiti
Fabrairu

Goggo,

Na yi kukan Baba Yosiya har nas ta yi mini faɗa. Shi ya saya mini takalmin makaranta na farko. Allah Ya ba mu haƙuri. Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai, rabi nawa ne.

Jinin ya dawo, ba Lassa ba ce, zazzaɓin sauro ne. Sati ukun ma sun cika. Likita ya ce ba kowane ɓera ne yake ɗauke da ciwon ba, na taka wuta ne ban ƙone ba. Amma fargabar ta taso da naƙuda kafin lokaci. Goggo, kin yi jika, namiji. Ƙarami ne, tafin hannun Malachi ya kusa rufe bayansa, amma yana kama nono da ƙarfi, kuma muryarsa ta fi shi girma. Mun sa masa Yosiya.

Ban san ko Lahadin ta wuce ba. In ba ta wuce ba, ina roƙonki kada ki bari. Wannan karon ba wasa nake yi ba, ki karanta sau biyu. Da an sallame mu zan taho, ina son ki ɗauke shi a hannunki.

Lea

Agwada
Fabrairu

Lea, uwar Yosiya,

Barka da arziki. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, sannan na karanta na uku don daɗi. Allah Ya raya shi. Ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa, ki sa mijinki ya dafa ruwan wanka ya tafasa sosai, kada ya yi miki na 'yan birni.

Takardarki ta zo ranar Litinin, Lahadi ta riga ta wuce. Don haka abin da na yi, na yi shi ban san ko kina raye ba.

Ranar Asabar na shiga ɗakin Kaka da tsintsiya. A ƙasan ramin silin na ga dunƙulen nan masu gashi da mujiyoyi suke amayarwa, waɗanda na yi shekaru ina sharewa ina tofar da yawu. Na ɗauki ɗaya na fasa da dutse. Ƙoƙon kan ɓera ne a ciki, da haƙoransa. Na fasa na biyu, haka. Na fasa duka, ban ga ƙashin ɗan mutum ba. Na zauna a ƙasa ina tunanin shekarar da na rasa ɗana. Shekarar ɓera ce, Lea. Har a cikin tukunyar ruwa muke tsamo su. Ashe abin da ya kawo mujiya kan rufina ke nan. Inda ɓera ya yi yawa nan take zuwa, nan kuma ciwon yake. Muna ganinta a gidan da aka yi mutuwa, sai muka ce ita ta kawo. An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ni kuwa da ba na ji, sai da na gani.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Na ɗauko kujera na zauna a ƙofar ɗakin, da kwanon ƙasusuwan nan a cinyata. Samari suka zo da kalanzir. Na ga bakunansu suna motsi, hannuwa suna tashi, kuma karon farko na gode wa Allah da kurumta, don duk abin da suka faɗa bai shige ni ba. Na miƙa musu kwanon, na ce, "Ku duba abin da take ci. Ni na sa aka kashe na farko, na binne ƙanena. Wanda zai ƙona ɗakin nan, ya fara da ni." Fasto ya ɗauki ƙoƙon kai ɗaya ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya kora su gida.

Ba a gama ba. Wasu suna cewa na zama mayya, tsuntsayen nawa ne. A taron zumunta bencina ni kaɗai ce, sai Susana da take zama a can ƙarshe. Kullum ina tsoron in je rafi in dawo in tarar da toka, don haka yanzu Susana ce take ɗebo mini ruwa. Gari kuma a cikin durom mai murfi nake zuba shi.

Ɓerayen suna nan, biyu ba za su iya da su ba tukuna. Jiya na jingina tsani na leƙa silin da rana. Mujiyar ta zare mini ido, ni ma na zare mata. Tana kwance a kan ƙwai.

Kin ce da an sallame ku za ki taho. Shekara nawa ina jiran in ɗauki ɗa a gidan nan, ke kin sani. Amma kada ki zo. Kada ki kawo mini shi yanzu, ko na rubuto ina roƙonki. Ki jira sai mujiya ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta sun fara farauta. Ranar da Susana ta ce mini kukansu ya hana ta barci, zan aiko Ghali ya ɗauko ku.

Goggonki,
Dokas